Shaidun da Na Kora

Har yau akwai masu cewa ni na kashe kwas ɗinmu da hannuna. Ba na musu da su, in an faɗa a gabana nakan ce haka ne, ni ce. An san ni da saurin hawa, tun ina yarinya mahaifiyata take cewa bakina ya fi ƙafata sauri. Amma abin da na yi a wannan magana ba zuciya ce ta ɗebe ni ba, da hankalina na yi shi.

A Sharada aka haife ni, a cikin tsohon garin, kuma filin da kamfanin robar da na yi wa aiki yake a kai, gonar dawar kakana tana cikinsa. Nas ce ni. Na yi shekaru a ɗan ɗakin shan magani na kamfanin, ina ɗaure yatsa, ina wanke ƙuna, ina miƙa maganin ciwon kai. A nan na gane cewa da yawa daga masu ciwon kan nan, kansu lafiya ƙalau yake. Mutum zai shigo ya karɓi magani ya haɗiye, sannan ya ƙi tashi. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya ce, "Malama, akwai wani abokina da ba ya iya barci." Ni kuwa sai in ce Allah sarki, me ya sami abokin naka? Daga nan sai a yi ta ba ni labarin aboki har in gane abokin nan shi ne mai ba da labarin.

Wanda bai san yadda ake ɗaukar lebura a wajenmu ba, ba zai gane dalilin wannan ɓoye-ɓoye ba. Yawancin masu aikin ba su da takardar ɗauka. Kowace safiya sai sun tsaya a bakin get, shugaban leburori ya fito ya nuna da yatsa: kai, kai, da kai. Wanda yatsa ya tsallake ya koma gida. Ba a korar kowa, daina nuna ka kawai ake yi. In aka ji ƙishin-ƙishin cewa hannunka yana rawa a gaban inji, ko kana firgita, ko ka taɓa zuwa wajen masu duba ƙwaƙwalwa, ba wanda zai ce maka uffan. Sai dai ka ga yatsan ya wuce ta kanka yau, ya wuce gobe, har ka gaji ka daina zuwa. Rufin asirin mutanen nan shi ne tuwon 'ya'yansu.

Da na ga abin ya fi ƙarfin magani, sai na koma makaranta da girmana na karanta aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara. Na dawo na ga ni kaɗai ba zan iya ba, sai na roƙi kamfanin ya ara mini ɗakin taronsa ranar Lahadi in buɗe aji. Manajan ma'aikata ya amince nan take, don yana son a riƙa cewa kamfaninsu yana kula da jama'a. Ɗalibaina duk ma'aikata ne masu ɗan karatu. Akwai na kamfanonin jima na Challawa, masu warin fata da ba ya fita ko an yi wanka uku, akwai na Bompai, ga kuma namu na Sharada. Wasu suna zuwa a adaidaita sahu, wasu a ƙafa, wasu kai tsaye daga aiki idonsu jajir. Na sha fama kafin su iya abin da ya fi komai wuya a wajenmu, wato a kawo maka kuka ka yi shiru ka saurara har ƙarshe, ba ka sako wa'azi a tsakiya ba.

Babbar ajin wata mata ce daga Hotoro. Ta girme ni nesa, kowa Yaya yake ce mata, har ni. Tun kafin in yi aure take naɗe alewa a wani kamfani a Bompai. Tana da takardar sakandare da ta adana a leda, tana kuma da irin kunnen da ba a koyarwa a aji: mutum ya zauna da ita minti kaɗan sai ka ga ya saki jiki. Wani asibitin unguwarsu ya yi mata alkawari cewa in ta kawo satifiket ɗin da hukuma ta san da shi, za su ba ta kujera a ɗakin ba da shawara. Ta ce mini ita kujerar take so, ta gaji da tsayuwa.

Satifiket ɗinmu kuwa ba wanda ya san da shi sai mu. Kafin ya zama abin nunawa a ofis, sai hukumar da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasai ta zo ta duba ta amince. Muka nema. Na cike fom har yatsuna suka ƙage. Sun tambayi manhaja, na rubuta. Sun tambayi littattafai, na kwaso nawa na gida na jera a kanta. Sun tambayi banɗakin mata daban, muka sa aka gyara. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, wato hujjar cewa kowane ɗalibi ya zauna da mutane na gaske, na sa'o'i kaza, ƙarƙashin kulawata. Zaman an yi shi, har ya wuce abin da suka nema. Ina da babban littafi da na rubuta kowane zama a ciki, da ranarsa, da tsawonsa, da abin da ya kawo mutum, da abin da ɗalibi ya yi, da gyaran da na yi masa. Amma babu suna ko ɗaya, lamba ce kawai, kuma babu sa hannu. Mun gwada maganar sa hannu da farko. Mutumin farko da aka miƙa wa biro ya tashi ya sa takalminsa, bai sake dawowa ba. Tun daga ranar na hana.

Da takarda ta zo cewa tawagar tantancewa za ta zo ranar Talata, na karanta wa aji, na gaya musu inda nake jin tsoro. A nan na yi nawa kuskuren. Na buga littafin a kan tebur na ce, "Wallahi da za su ga mutanen nan da idonsu, da ba su tambaye mu wata takarda ba." Maganar takaici ce kawai. Na ga Yaya ta gyaɗa kai, na ɗauka tausaya mini take yi.

Ranar Talata na iso da hantsi, fayil-fayil a hammata. Tun daga nesa na hango barandar ɗakin taro cike da mutane. An fito da benci-benci an jera, maza a gefe, mata a gefe, kowa cikin kayan Juma'a. Ga kuloli na zoɓo da kunun aya, ga farantin cincin an rufe da ƙyalle. Na ɗauka wani biki kamfanin yake yi, har na fara faɗa a raina wa ya ba da ɗakin a ranarmu. Sai na fara gane fuskoki. Ba duka na sani ba, amma na san isassu. Mutanen littafina ne, waɗanda na ɓoye a bayan lamba, zaune a fili suna jiran baƙi.

Yaya ta taro ni da fara'a, ta ci ado da leshi. Ta ce, "Malama, kin gani? Ba wanda muka tilasta wa. Gida-gida muka bi, muka ce malamarmu za ta yi manyan baƙi, ana neman shaida. Kowa ya ce ai ko ba a gayyace shi ba zai zo. Wasu ma aikin yau suka bari."

Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. A wajenmu in mutum ya yi maka alheri, ranar da ya yi baƙi sai ka je ka cika masa gida a ga yana da jama'a. In ana neman shaida a kansa, ka miƙe ka faɗa da bakinka. Ɗalibaina sun san ba a fitar da abin da mai damuwa ya gaya maka, kuma ba su fitar ba. Abin da bai faɗo musu a rai ba shi ne, zaman mutum a kan bencin nan ya isa tonon asiri. Su ma mutanen, kowa ya zo yana zaton shi kaɗai ne ko su biyu, sai ya tarar da maƙwabcinsa na inji a zaune. Shi ya sa barandar ta cika amma tsit take, kowa ya sunkuyar da kai.

A ƙarshen benci na hango wanda na fi jin tsoro a kansa. Mutumin Nijar ne daga wajen Maraɗi, dogo, mai ƙarancin magana, yana kan injin da ke matse bokitin roba a kamfaninmu. A gabansa injin ya kama hannun abokin aikinsa, shi ya ja shi ya fitar. Tun daga nan in injin ya rufe baki sai gabansa ya faɗi, hannunsa ya ɗauki rawa, ya riƙa ɓoye shi a aljihu. Yaya ce ta yi makonni tana zama da shi, ina gefe a wasu zaman, har ya fara samun sauƙi. Yana da iyali a Zawaciki da tsofaffi a can gida, duka shi suke duba. Ya sa farar shadda da ta sha guga.

Na ce wa Yaya a hankali, "Ku sallame su yanzu-yanzu, ta ƙofar baya."

Ta ce, "Haba Malama, a kori mutane ko ruwa ba su sha ba?"

Ban kai ga amsa ba na ji maigadi yana jan get. Mota biyu suka shigo, kuma wanda ya fara fitowa manajan ma'aikata ne, da babbar riga. Ashe shi ya je ya tarbo baƙin daga masauki don a yi hoto da shi. Ya tsaya yana murmushi, idonsa yana bin benci ɗaya-ɗaya. Na san idon nan, ba ya manta fuska.

Ya ce, "Malama, waɗannan fa? Na ga har da 'yan wajenmu."

Yaya ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa da gaske, har ta ja numfashi. Na ce, "Jama'ata ce, Yallaɓai. 'Yan uwa da abokan arziki, sun ji zan yi baƙi suka zo taya ni tarba." Ba ƙarya na yi ba, ban dai faɗi duka ba. Ya ce madalla. A ƙa'idar tawagar, mai masauki ba ya zama a ciki lokacin tantancewa, don haka bayan an yi hoto aka sa masa kujera a baranda dab da ƙofa, aka zuba masa zoɓo.

Su uku ne a tawagar, mace ɗaya da maza biyu. Shugabansu dattijo ne, farfesa, mai sanyin murya. Na so a ce mai girman kai ne, da na ji daɗin faɗan, amma mutumin kirki ne. Sun duba manhaja suka yaba. Sun yi wa ɗalibai tambayoyi, Yaya ta yi ta amsawa har matar cikinsu ta ajiye biro tana kallonta. Sannan aka zo kan littafin. Farfesa ya bi shi shafi-shafi, ya daɗe, sannan ya cire tabarau.

Ya ce, "Hajiya, aikin nan ya yi kyau, kuma kyansa shi ne damuwata. Mun je wurare an kawo mana littafi irin wannan, ashe mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙirƙiro shi kaf. Waɗanda suka fito daga irin wuraren nan suna can suna ɓata rayuwar mutane da takardarmu a hannu. Ba suna, ba sa hannu, da me zan bambanta naki da nasu?"

Gaskiya ya faɗa, na kuma ce masa gaskiya ne. Sai ya dubi taga ya rage murya, don ya riga ya gane su wa ke waje. Ya ce, "Allah ya kawo mana sauƙi har ƙofa. A shigo mana da uku daga cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Ba za mu tambayi abin da ya dame su ba. Suna, wurin aiki, wane ɗalibi ya gani, sau nawa, ya sa hannu ya fita. Kafin azahar mun gama, ku sami abin da kuke nema."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku dubi wanda ke zaune a bakin ƙofar. Duk wanda na kira ya tashi daga benci ya shigo ɗakin nan, ya gama faɗin komai tun bai buɗe baki ba."

"Sai a ce ya ba mu wuri."

"Ɗakinsa ne, get ɗinsa ne, maigadinsa ne. Ko ya tashi daga nan, zai ji kafin la'asar. Kuma rahotonku, ba kuna aika wa mai masauki kwafi ba?"

Ya ce haka ƙa'ida take, ana aikawa, da duk abin da aka maƙala.

Na kawo duk abin da zan iya kawowa. Na ce su zaɓi kowace lamba a littafin, su raba ni da ɗalibin ɗaki daban-daban su tambaye mu, in maganarmu ta saɓa su yaga littafin. Na ce ɗayansu ya zauna a matsayin mai damuwa, ɗalibi ya saurare shi, su gani da idonsu. Na ce su sa wata rana a wani wuri nesa da kamfani. Matar da ke cikin tawagar tana gyaɗa kai. Na ukunsu, wanda tun da aka zauna bai ɗaga kai daga fom ba, ya ce ranar yau kaɗai aka ba su, kuma gurbi biyu ne a fom ɗin, an ga hujja ko ba a gani ba.

A nan raina ya ɓaci. Na ce, "To ku rubuta ba a gani ba. Ku ne kuka rubuta a littafin ƙa'idarku cewa amanar mai damuwa ta fi komai, ni na koyar da shafin a ɗakin nan. Yau kun zo kuna cewa in ba da ita a buga mini hatimi. Mutanen da za su sa muku hannu, gobe da sassafe suna bakin get, ku kuna hanyar gida. In aka daina nuna su, wane ne a cikinku zai kai musu hatsi?"

Farfesa bai yi fushi ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. Ba ke kaɗai ba ce a kan takardar nan." Ya dubi ɗaliban da ke jere a jikin bango. Ni ban duba ba, na san inda Yaya take tsaye.

Na tashi na fita baranda. Manaja yana nan, don haka ba damar in yi wa kowa bayani. Na ɗaure fuska na ce, "Jama'a, an gode, Allah ya saka da alheri. Baƙi suna aiki, hayaniyarku ta dame su. Kowa ya kama gabansa." Alhali ko tari ba wanda ya yi. Wata tsohuwa da ta taso tun daga Challawa ta miƙe ta ce, "'Yar nan, mu fa mun zo ne mu faɗa wa baƙin cewa..." Na katse ta da ƙarfi na ce, "Baba, na ce an gode!" Sa'ar uwata ce. Ta dube ni, ta gyara mayafinta ta sauka. Sauran suka bi ta shiru, kofuna a jere ba a taɓa ba. Mutumin Nijar ya zo wucewa ya ɗan tsaya zai gaishe ni, na kawar da kai kamar ban taɓa ganinsa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Manaja ya yi dariya ya ce, "Kai Malama, ba ki da dama, haka kike yi wa danginki?" Na ce haka na taso, Yallaɓai.

Bayan wasu makonni takardar hukuma ta zo. Yabo ya cika shafi, ƙin amincewa layi ɗaya ne. Amma a ƙasa sun bar ƙofa a buɗe. In muka aika takardar yarda ta mutum uku, da suna da wurin aiki da sa hannu, kafin zamansu na gaba, za su sake dubawa. A can ƙasa kuma an rubuta kwafi ga mai masauki.

Na karanta wa aji. Yaya ta miƙe ta ce, "Malama, mun yi kuskure, mun yarda, Allah ya rufa asiri ba a gane ba. Amma ai akwai waɗanda suka bar aikin kamfani, ba wanda zai taɓa su." Na ce wannan magana ce. Duk wanda abincinsa ba a hannun wani yake ba, a kawo shi, in gaya masa inda takardar za ta je, in ya yarda ya sa hannu. Muka bazama nema. Muka sami wani dattijo da ya ajiye aiki ya koma noma, da wata mata da ta koma sayar da awara, duka suka sa hannu suna dariya. Na uku ya gagara. Waɗanda suka bar aiki sun koma ƙauyukansu a Jigawa da sauran wurare, ba mu san ta inda za mu fara ba. Wasu matan kuwa mazajensu ba su san sun taɓa zuwa wajenmu ba. Wa'adi yana ta matsowa har ya rage kwana uku.

Ran Litinin, lokacin hutun rana, ina ɗakin shan magani sai ga mutumin Nijar. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ƙi zama. Ya ciro katin aikinsa mai hoto ya ajiye a kan teburina.

Ya ce, "Malama, an hwaɗa mini saura mutum guda. Ga ni, a rubuta."

Na ce, "Wa ya aiko ka, Malam?"

"Ba kowa. Ita Yaya ba ta ce mini komi ba, Allah shaida. Wurin alwala na ji."

Na gaya masa inda takardar za ta bi, da teburin da kwafinta zai sauka. Ya ce ya sani. Na ce ya san abin da zai iya biyo baya? Ya ce, "Arziki na Allah ne. Matar ga ta zauna da ni lokacin da ko matata ba ta san abin da ke damuna ba. In na yi shiru yanzu, mi na zama?"

Ba zan ɓoye ba, na so in karɓa. Fom ɗin yana cikin aljihun teburin, biro yana hannuna. A ƙa'idar hukuma babu aibi ko kaɗan, baligi ne mai hankali, ya zo da ƙafarsa, an yi masa bayani ya ce ya yarda. Sa hannu ɗaya ya rage tsakanin ɗalibaina da satifiket, kuma ba wanda zai taɓa cewa na yi laifi. Har na ja aljihun teburin rabi.

Sai na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni gaskiya. Da ba ka ji Yaya za ta yi asara ba, za ka so manaja ya karanta sunanka a takardar nan?"

Ya dubi katin da ke kan teburin. Sannan ya ce a hankali, "Wa ka son hakan, Malama?"

Na mayar da aljihun teburin na rufe. Kunya ce ta kawo shi, da son rama alheri, kuma ni ba zan kira wannan yarda ba ko fom ya kira shi haka. Na tura masa katin.

Ya ce, "To ita hwa?"

Na ce, "Wannan tsakanina da ita ne, ba naka ba ne."

Fuskarsa ta sauya. Namiji ya tattaro ƙarfin halinsa ya kawo abin da ya fi masa tsada, an mayar masa, dole ya ji zafi. Ya ce, "Kin raina ni ke nan." Na ce ya faɗi duk abin da zai faɗa, amma ya ɗauki katinsa. Jiniyar komawa aiki ta yi kuka. Ya ɗauka, ya sa takalmi ya fita bai yi mini sallama ba.

Ban so Yaya ta ji a bakin wani ba. Da aka tashi daga aiki na hau adaidaita sahu zuwa Hotoro. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Da ƙafarsa ya zo?"

"Da ƙafarsa."

"Ya ce ya yarda?"

"Ya ce."

"Kika ƙi."

"Na ƙi, Yaya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar. Sannan ta ce, "Shekara biyu ban huta Lahadi ɗaya ba. Na gaya wa 'ya'yana na kusa barin Bompai, har maƙwabta sun fara yi mini murna. Shi kin rufa masa asiri, Malama. Ni wa zai rufa mini nawa?"

Maganar ta soke ni, har yau ina jin ciwonta. Na ce mata ba zan yi mata ƙarya ba, ko gobe ya dawo da katin ba zan karɓa ba. Ta gyaɗa kai. Ta raka ni har bakin ƙofa, amma ba ta ce in gaida gida ba.

Ranar Alhamis wa'adi ya cika da takardu biyu a fayil ɗina. Yaya ba ta sake zuwa aji ba. Bayan wata biyu na ji asibitin ya ɗauki wata mai satifiket, ita kuma tana nan Bompai tana naɗe alewa.